Ƙwan Baba Tsoho

Lahadi da dare, Tawa.

Wallahi yau na gaji tilis, amma sai na rubuta wannan kafin barci ya kwashe ni. Gwaggo ta iso daga Yamai jiya bayan magariba, ko lulluɓi ba ta cire ba ta ce "ke ɗiyata, har yanzu kina yin ƙwan Baba Tsoho ko kun yada shi?" Na ce ina yi mana Gwaggo, alhali rabona da shi tun ƙaramar salla ta bara.

Baba Tsoho kakanmu ne, ya yi shekaru a Abijan yana aikin kuku a gidan wasu Faransawa, irin yadda mutanen Adar suka saba tafiya biɗa. Can ya koyo shi, dafaffen ƙwai ne da ake rabawa biyu a cika da haɗin gwaiduwa. Su Faransawa mimoza suke ce masa, wai gwaiduwar da ake barbaɗawa a sama tana kama da furen wani icce mai ruwan ɗorawa. Ƙanena mai kwana a intanet ya ce mutanen Amurka kuma ƙwan shaiɗan suke kiransa saboda yaji, Gwaggo ta ce a'uzubillahi, kar ya ƙara faɗin haka kan abincin ubanta.

Da safe na shiga kasuwa, yau ranarta ce ga cunkoso ga caɓi don an yi ruwa da asuba. Na yi sa'a damina ce, ƙwan zabi ya cika gari, tunda zabi sai da ruwan sama suke zuba ƙwai sosai. Na sayi 20 wurin wata tsohuwa da ta zo daga ƙauye, na ɗora da albasar Galmi ja, lemun tsami, da ƙaramar kwalbar mayonez a butik. Mutar, wato mustad, ina da saura a firigo. Ina dawowa na zuba su cikin roba da ruwa, guda 2 suka taso sama, na yar da su, wanda ya yi iyo ya tsufa ke nan ko ya lalace.

To nan fa aikin yake. Inna, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa rubuta komai ba, hannunta ne ma'auni. Abin da na riƙe dai shi ne in ruwa ya tafasa minti 10 ne ba ƙari, in ka bar shi ya daɗe gwaiduwa sai ta yi zobe kore-kore a gefe tana warin nan, daga nan kuma kai tsaye cikin ruwan sanyi. Ina saukewa kuran ya ɗauke, ashe ƙanƙarar firigo ma tun dare ta narke, sai ruwan randa na yi ta canzawa har sau 3. Ɓawon ƙwan zabo kuwa kamar dutse, sai da na ƙwanƙwasa kowanne a bakin turmi, guda 4 farin ya yage, na cinye su a tsaye ni da ƙanena.

Sauran 14 na raba biyu a tsaye, na kwashe gwaiduwa cikin kwano na murje da cokali mai yatsu, mayonez cokali 3, mutar kaɗan, gishiri, albasa yankakka ƙanana ƙanana kamar gero, sai matsin lemun tsami. Na ɗanɗana, da daɗi dai amma ba shi ba ne. Na ƙara gishiri, ba shi ba. Na tsaya na yi zuru da cokali a hannu, har idona ya fara kawo ruwa, na ce albasa ce.

Gwaggo ta leƙo madafa ta lakata da ɗan yatsa, ta yi shiru, can ta ce "ina yajin ƙuli?" Na ce ai a sama ake barbaɗa shi. Ta ce "wa ya gaya miki? Uwakki ciki taka sa shi, rabi ciki rabi bisa, shi Baba ma haka ya gyara nashi da ya dawo gida, na Nasara ai lami ne." Shekara nawa ina kallon Inna tana yi ban taɓa lura ba! Na zuba rabin cokali na juya, ƙamshin citta da gyaɗa ya taso, sai ga shi nan, shi ne sak.

Na cika su da ƙaramin cokali, ban yi wani ado da leda ba don ni ban iya ba, gwaiduwa guda da na ajiye na murza ta a rariya ta sauka a kai. Da yake babu kuran ban bari sun jira ba, abu mai mayonez a zafin Tawa in ya wuce awa guda a waje ni ba na yarda da shi. Kafin azahar faranti ya koma wayam, Gwaggo kaɗai ta ci 7, tana ci tana ba mu labarin ranar da Baba Tsoho ya sauka daga mota da rediyo a kafaɗa.

Ta ce in yi mata wani ran Laraba kafin ta koma. Mayonez ya ƙare, sai gobe in aiki yaro butik.