Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Daga Lawanti Zuwa Madina

A makon jiya na tsaya a inda aka kira sunayenmu a sansanin alhazai. To, daren nan na shekarar 2023 aka kwashe mu a motoci zuwa filin jirgin sama na Lawanti, can kan hanyar Bauchi idan an fita daga Gombe. Baba ya matsa sai ya raka ni, duk da ciwon gwiwar da ke damun sa.

Kafin mu rabu ya riƙe hannuna ya ce, "Uwata, idan kun zo saitin Sudan, ki leƙa ƙasa ki yi wa Innata addu'a." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba.

Ita Innar tasa a hanyar Makka ta rasu. Yana ɗan yaro suka tashi da ayari, suka bi ta Maiduguri, suka tsallaka Fort Lamy, wadda yanzu ake kira Njamena, suka shiga Darfur. Inda guzuri ya ƙare sai a zauna a yi ƙodago, wani lokaci har damina ta wuce, sannan a ƙara gaba. A kusa da El-Ubayyid zazzaɓi ya kwantar da ita, kuma a nan aka binne ta. Kakanmu ya ja ɗansa har Suwakin, bakin Bahar Maliya, suka hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tun ina ƙarama nake jin sunayen garuruwan nan a bakin Baba kamar karatun allo.

Tsakanin Gombe da Madina ya haura kilomita 3,000, kuma alhazan da suka riga mu a shekarun baya suna cewa awa huɗu da ɗoriya suke yi a sama. Na roƙi wata baiwar Allah daga Dukku ta bar mini kujerar taga, ta ce, "Zauna mana, Yaya."

Sai da muka daidaita a sama na tambayi ma'aikaciyar jirgin yaushe za mu kai Sudan. Ta ce ai ba za mu bi ta can ba. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu ya sa an rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jirage su yi zagaye. Mun fi awa shida kafin mu sauka. Mutane na ta mitar kumburin ƙafa, ni kuwa hawaye ne suka ƙi tsaya mini, don saƙo ɗaya tak Baba ya ba ni.

Na dai juya fuskata ga taga, ba abin da nake gani sai duhu, na karanta wa Innar Baba Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya.

Da muka sauka na ga agogon Madina ya wuce namu da awa biyu. Na sa sabon layi a waya, lambar Baba na fara nema. Abin da ya ce mini, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.