Kyamarar Mac Ba Ta Jiran A Tambaye Ta

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja, akwai wani aiki da na ɗiba wa mako biyu amma ya ci mini wata huɗu, kuma yawancin ɓata lokacin ni na jawo wa kaina. Zan ba ku labarinsa dalla-dalla, domin na san a cikinku akwai wanda gobe zai ce zai ɗauki abin da ke aiki a Linux ya kai shi Mac ko Windows.

Wani ɗan wasa na haɗa wa yaran gidanmu da pygame, laburaren nan na Python da ake rubuta wasannin kwamfuta da shi. Yaro zai tsaya gaban kyamara ya ga kansa a allo, balan-balan na saukowa daga sama, ya kai hannu ya fasa su. A laftof ɗina mai Linux komai lafiya lau, don sashen kyamarar pygame can aka haife shi. An rubuta shi ne a 2008 saboda ƙananan kwamfutocin XO na shirin nan na ba kowane yaro laftof, irin waɗanda aka gwada a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja. Ana nan sai wani abokina malamin makaranta ya ga wasan, ya ce yana so ɗalibansa su taɓa, ga shi kuwa Mac gare shi. Akwai hanyar bi ta OpenCV, wani babban laburaren sarrafa hoto, amma nauyinsa megabayit gommai ne, ni kuwa ina son abin da mutum zai sauke da 'yar datarsa. Na ce to, zan rubuta sashen Mac ɗin da hannuna. Ya riƙa ara mini kwamfutar duk ranar Asabar da Lahadi.

Da farko na shiga intanet na tsinto wani tsohon kod da ke ɗauko hoto ta hanyar QuickTime, tsohon tsarin bidiyo na Mac, na yi ta fama da shi kwana da kwanaki ya ƙi tashi. Ban duba shekarar da aka rubuta shi ba. Ashe an daɗe da barin wannan hanya. QTKit da ya gaje ta ma tun fitowar babbar manhajar Mac ta OS X 10.9 aka ce a daina dogaro da shi, kuma daga sigar Catalina ta 2019 manhaja mai tsohon tsarin bit 32, irin na QuickTime ɗin, ba ta tashi ko kaɗan. Hanyar da ke raye ita ce AVFoundation, wadda ke kan Mac tun 2011. Duk kod ɗin da kuka tsinta, ku fara tambayar shekarunsa, sannan ku buɗe takardun masu babbar manhajar ku ga ko har yanzu da shi ake yi.

Wannan ƙaramin tuntuɓe ne. Babban ramin da na faɗa shi ne na shiga gidan Mac da tarbiyyar gidan Linux.

A Linux kyamara tamkar rijiya ce. Za ka buɗe /dev/video0, fayil ɗin da ke wakiltar kyamara, ka gaya wa V4L2, sashen Linux mai kula da kyamara, girman hoton da kake so, ka zura masa gugunanka, wato 'yan ma'ajiyoyi a memori, direba ya cika su, kai kuma ka jawo ɗaya a lokacin da ka ga dama, ka juye, ka mayar. Pygame ma a kan wannan ɗabi'a aka gina shi: a kowane zagaye wasa zai kira get_image ya karɓi hoto. A Mac kuwa famfo ne. Da zarar ka kunna AVCaptureSession, ɓangaren AVFoundation mai gudanar da ɗaukar hoto, ita za ta riƙa kiran kod ɗinka sau talatin a daƙiƙa tana miƙo hoto, ko ka shirya ko ba ka shirya ba. Abin da ya fi haɗari, ba a kan zaren da wasanka ke gudu (wato layin aikin da kod ɗinsa ke bi) take kiran ka ba, a kan wani zare ne dabam da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da naka.

Ni ban ɗauki wannan da muhimmanci ba. A cikin wannan kiran nake ƙirƙirar hoton pygame kai tsaye. Python kuwa yana da wani kwaɗo guda ɗaya, GIL, wanda sai zaren da ke riƙe da shi ne ke da ikon taɓa kayan Python. Wasan zai yi minti uku lafiya, sai ya mutu ba sallama. Wani lokaci ya yi minti ashirin. Irin wannan matsala ta fi kowace cin rai, domin duk gyaran da ka yi sai ka ga kamar ya yi, sai gobe ta dawo. Da na gane, sai na sa zaren kyamara ya riƙa karɓar kwaɗon kafin ya yi aiki. Nan kuma na sake ɗaure kaina: idan aka zo rufe kyamara, zaren wasa na riƙe da kwaɗo yana jiran na kyamara ya gama, na kyamara kuma na tsaye yana jiran kwaɗo. Kowa na jiran kowa, allo ya daskare.

Maganin da ya tsaya mai sauƙi ne, kuma da shi ya kamata in fara. Zaren kyamara kada ya san da zaman Python sam. Aikinsa kawai ya kwafi hoton zuwa wata ma'ajiya ta yaren C, a ƙarƙashin wani ɗan kwaɗo nasa na kansa, ya saki ma'ajiyar Mac ɗin nan take. Idan wasa ya kira get_image sai ya ɗauka daga can. Sakin nan take ba ƙawa ba ce: ma'ajiyoyin da AVFoundation ke zuba hoto a ciki ƙidayayyu ne, idan ka riƙe su ba ka mayar ba sai ta daina kawo sabo.

Ko a nan ma na yi wani kuskure da ya fito daga kyakkyawar niyya. Na ce kada hoto ko ɗaya ya ɓace, sai na jera su a layi. Ku yi lissafin da ban yi ba. Kyamara na ba da talatin a daƙiƙa, wasa na iya zana ashirin. Bayan minti ɗaya hoto 600 na jira a layi, yaro yana kallon motsin da ya yi daƙiƙa ashirin da suka wuce. A wasa tsohon hoto ba shi da amfani. Ka ajiye na ƙarshe kawai, sabo ya danne tsoho.

Da hoto ya fara fitowa a tsanake, sai na gwada wani girma dabam, ya fito a karkace kamar rumfar da iska ta tura. Na ɗauka kowane layi na hoto faɗinsa sau huɗu ne na bayit, kamar 640 ya ba da 2560. Amma kwamfuta kan ƙara 'yan bayit na ciko a ƙarshen kowane layi don sauƙin aikinta, kuma sai ka tambaya ta CVPixelBufferGetBytesPerRow za ka san tsawon na gaskiya. Da na koma kod ɗina na Linux sai na ga can ma akwai bytesperline, ban taɓa dubawa ba, sa'a ce kawai ta riƙe ni. Haka nan girman da ka roƙa ba lallai shi za a ba ka ba. Hoto mai 1280 da 720 a tsarin YUYV, bayit biyu kowane ɗigo, sau talatin a daƙiƙa, ya haura megabayit 55, alhali USB 2.0 ba ya iya kai wa kyamara fiye da wajen 24. Shi ya sa irin waɗannan kyamarori ke matse hoton zuwa MJPEG ko su rage gudu. Kullum ka sake tambayar na'ura abin da ta amince ta ba ka.

Batun launi shi ne ya fi taɓa mini zuciya. Fuska ta fito shuɗiya don na juya ja da shuɗi, wannan gyaran minti biyar ne. Wanda ya ɓuya mini wani ne. Haske a hoton bidiyo ana ƙirga shi iri biyu: wani daga 0 zuwa 255, wani daga 16 zuwa 235. A Mac sunayensu 420f da 420v, harafi ɗaya ne ya raba su. Na roƙi na farko, na kuma juya shi da lissafin da na kwafo na na biyu. Sakamakon haka ɗigon da haskensa 40 sai ya koma wajen 28, duk abin da bai kai 16 ba kuma ya zama baƙi ƙirin. A kan farin bango da rana tsaka ba za ka lura ba, kuma da irin wannan nake gwaji. Sai wata yamma da wuta ta ɗauke, 'yar yayata ta tsaya gaban allo ta ce, "Kawu, ban ga fuskata ba." Idanunta kawai ake gani da hijabinta. Wasan ma ya kasa gane motsin hannunta, domin hannun ya narke cikin duhun ɗakin. Na ji nauyin abin ƙwarai. Yaranmu baƙaƙen fata ne, ɗakunanmu kuma ba kullum suke da haske ba, ga shi ni da kaina na rubuta abin da ya shafe su. Daga ƙarshe na bar wa Mac juyin launin, na roƙi BGRA, wato hoton da aka riga aka juya zuwa shuɗi, kore da ja, kai tsaye. Ina roƙonku, duk abin da za ku rubuta mai kallon mutum, ku gwada shi da fuskokin mutanenku, a cikin hasken da suke zaune a ciki.

Sai izini. Tun sigar babbar manhajarta ta Mojave ta 2018, Mac ba ta barin manhaja ta leƙa ta kyamara sai mai kwamfuta ya yarda, kuma kafin ya yarda baƙin hoto za ta riƙa ba ka, ba tare da ta ce akwai matsala ba. Na kwana ina tonon lissafin launi, ashe izini ne babu. Wani abin kuma, idan daga Terminal, tagar rubuta umarni, ka tayar da wasan, Terminal ɗin ne ke riƙe da izinin. Saboda haka a wurina komai na tafiya, amma da na naɗe wasan ya zama manhaja mai zaman kanta na ba abokina, yana taɓawa sai ta rufe. Ban sa NSCameraUsageDescription, wato jimlar da ke gaya wa mutum dalilin neman kyamararsa, a cikin Info.plist, fayil ɗin bayanan manhajar, ba. A lokacin na ji haushin wannan doka. Yanzu ina ganin daidai ce. Kyamarar nan 'ya'yan mutane take kallo, dole iyaye da malamai su san me ake yi da hoton. Na rubuta musu a fili cewa wasan ba ya ajiye hoto kuma ba ya tura shi ko'ina, na kuma tabbatar koren fitilar kyamara na mutuwa da zarar an fita.

Da na san akwai waɗanda suka riga ni bin wannan hanya a fili, da na rage wahala. Pygame 2.0.2 ya kawo kyamarar Windows ta Media Foundation, laburaren SDL3 da ya fito a Janairun 2025 kuma yana da sashen kyamara na Linux da Windows da Mac da Android a ƙarƙashin fuska ɗaya. Kod ɗin a buɗe yake. Ku karanta yadda suka raba abin da kowace babbar manhaja ke yi ita kaɗai da abin da duka suka yi tarayya a kai, ku ga yadda suka ware wa izini kira na musamman, da yadda neman hoto ke dawowa hannu wofi idan babu sabo maimakon ya tsaya jira.

Wannan na ƙarshen a aji na koye shi. Abokina ya jona kyamarar USB don yara su samu fili, wani yaro garin tsalle ya fizge wayar, wasan ya tsaya cak, domin get_image ɗina na jiran hoton da ba zai zo ba har abada. Mac na aiko sanarwa idan an cire na'ura, ni ne ban saurara ba. Yanzu jiran yana da iyaka, idan ya wuce sai wasan ya rubuta "a mayar da kyamara" ya ci gaba da duba ta. Kafin in ba kowa sabon gyara, nakan ari kyamara biyu ko uku daga abokai, in kunna wasan, in kashe fitilar ɗaki, in kira yaran su yi wasa, ni kuma in zauna gefe ina zare wayar ina mayarwa.