Yadda na nema wa maiɗakina takardar zama 'yar ƙasa a Legas

Maiɗakina 'yar Maraɗi ce, kuma mun daɗe a Agege ba wanda ya taɓa tambayar ta takarda. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta buɗe wa mutanen yankin hanyar shige da fice ba biza. Da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar a Janairun 2025 sai hankalina ya tashi, domin dattawan unguwarmu ba su manta da korar baƙi ta 1983 ba, wasunsu ma iyayensu aka koro daga Gana a 1969.

Sashe na 26 na tsarin mulkin 1999 ya ba matar ɗan Nijeriya damar zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, kuma Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ke karɓar buƙatar. Aurenmu na fatiha ne, don haka sai da muka fara neman takardar aure, sannan masu tsaya mata. Abin da ya fi cin lokaci shi ne rubutun suna. A takardar haihuwarta an rubuta sunan mahaifinta da salon Faransanci, a katin bankinta kuma da salonmu na nan, harafi biyu suka bambanta, sai da muka yi rantsuwa a kotu cewa mutum ɗaya ne. Duk mai niyya ya daidaita wannan tun kafin ya cika fom. Yanzu takardunta na gaban hukuma, muna jira.

Ƙanwata kuwa ɗan Damagaram take aure. Ta ce min, "Yaya, a haɗa da maigidana mana." Ba hali. Sashen bai ambaci mijin 'yar Nijeriya ba, kuma a ganina wannan rashin adalci ne ƙarara. Shi sai sashe na 27: zaman shekara 15, da shaidar gwamna cewa jama'ar wurin sun karɓe shi kuma ya saje da rayuwarsu. To, wace rayuwa ce ta Agege? Mutumin nan da Yarbanci yake ciniki a kasuwa, da Hausa yake magana a gida, sahu ɗaya muke bi a masallaci.

Kowace ƙasa da ma'auninta. Amurka tun 1868 haihuwa a ƙasarta take dubawa. Faransa so take baƙo ya narke cikin harshenta da tsarinta, har ta hana ɗalibai sa hijabi a makarantun gwamnati a 2004. Kanada tun 1971 ta ce kowa ya riƙe al'adarsa. Mu jini muke bi: haihuwa a Legas kaɗai ba ta mai da kai ɗan Nijeriya, sai iyaye ko kakanni.

Bin jinin nan bai tsaya kan baƙi ba. 'Ya'yana a Agege aka yanke musu cibiya, kakansu fataucin goro ya kawo shi nan, amma ranar da babbansu zai cika fom ɗin neman aikin gwamnati, takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma aka nema. Dole ya hau mota zuwa jihar Katsina, mai unguwar da bai taɓa ganin fuskarsa ba ya sa masa hannu.