Ranar askin inabi a Entre-deux-Mers

Talata, 11 ga Fabrairu

Sai ƙarfe tara muka shiga gona, don mai gonar ya ce a bari hazo ya ɗaga, itace ya sha iska. Ba a yi wa inabi aski yana jiƙe. Ruwa ne ke watsa ƙwayoyin fumfuna, su shiga ta bakin yanka, su kwanta cikin kututture shekara da shekaru kafin a ga alama a ganye. Cututtukan da ake tsoro a nan esca da eutypiose ne. Maganin arsenik da ake fesawa a da, Faransa ta hana shi tun 2001, don haka rigakafin ya koma hannun mai riƙe da almakashi.

Mu huɗu ne 'yan sa kai a wannan makon, duk ta hanyar WWOOF muka zo, shirin da ke haɗa 'yan sa kai da masu gonaki: muna aikin rabin yini, ci da makwanci na kan mai gona. Gonar tana tsakanin kogin Garon da na Dordon, wato yankin Entre-deux-Mers, gabas da birnin Bordo a Faransa. Fegin da muke ciki jan inabi ne irin Merlot, amma 'ya'yansa ba giya ake yi da su ba yanzu. Matsewa ake yi, a dafa ruwan, a ɗura a kwalba, kuma shi ya sa na zaɓi nan. Mita 3 ne tsakanin layi da layi, mita 1 tsakanin gindi da gindi, wato gindi 3,300 da ɗoriya a hekta.

Salon askin shi ne wanda suke kira Guyot. Kowane gindi yana ɗauke da rassan bara goma ko fiye, sun tashi sun kama waya. Biyu kacal za a bari. Ɗaya dogo, mai ido bakwai ko takwas, shi zai ba da 'ya'yan bana. Ɗayan kuma a datse shi ya zama ɗan guntu mai ido biyu, daga jikinsa reshen baɗi zai fito. Guntun ake fara zaɓa, kuma dole ya kasance ƙasa da dogon. In aka juya, kan kuranga yana ƙara tsawo kowace shekara har ya haye wayar ƙasa, daga nan sai an sa zarto a sauko da shi, babban ciwo kuwa ƙofar cuta ne.

Dogon reshe ana son mai kaurin fensir, wanda ya nuna ya yi ruwan ƙasa, gaɓoɓinsa ba su yi nisa da juna ba, kuma ya fito daga itacen da ya shekara biyu. Wanda ya tsiro kai tsaye daga tsohon kututture yakan yi kyau a ido, ga kauri ga tsawo, amma ganye ne zalla, 'ya'ya kaɗan. Yau wata a cikinmu ta fara da yanka kafin ta duba, ta zubar da rassan kirki biyu, sai irin wannan ya rage mata. Gindin ba zai mutu ba, amma bana ba zai ba da abin a zo a gani ba.

Yawan ido ma ba ɗaya ba ne ga kowa. Gindin da rassansa suka fito sirara a bar masa ido biyar ya farfaɗo. Wanda ya yi ƙarfi a ƙara masa kaya, in ba haka ba duhun ganye zai yi, iska ta kasa ratsawa.

Abin da dattijon mai gonar ya fi tsayawa a kai shi ne wurin yanka. Inabi ba ya rufe ciwonsa kamar mangwaro. Inda aka yanka bushewa yake yi, bushewar ta nutsa ciki kamar tsinin mashi. In aka yanke tsohon reshe daf da jiki, tsinin nan yana tare hanyar ruwan itacen. Saboda haka ana barin ɗan dungu, tsawonsa kamar ninki biyu na kaurin reshen, a cire shi baɗi in ya bushe. Kuma duk yanka a tara shi ta gefen sama, gefen ƙasa ya zauna lafiya ruwa ya riƙa bi. A saman idon ƙarshe a bar santimita biyu, a karkata yankan ya juya wa idon baya. Bakin almakashi mai kaifi shi ke fuskantar abin da za a bari, don ɗaya bakin murƙushewa yake yi. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin aure a cire shi, domin saiwar ta Amurka ce, wadda aka koma ɗora inabi a kanta tun da ƙwaron filoksera ya cinye gonakin Turai a ƙarni na 19.

Manoman inabi na Kudan a jihar Kaduna su ma da aski suke tayar da kuranga, sai dai can babu hunturun da zai kwantar da ita barci kamar nan. A nan fegin kwari da ke bakin rafi an bar shi sai Maris. Jinkirin aski yana jinkirta toho, kuma tun daskarewar Afrilun 2021, wadda ta ƙone tohon gonaki da yawa a Faransa, kowa ya ɗauki wannan da gaske.

Gindi 160 na yi kafin azahar.

Muna cin abinci muna jin ƙarar katafila a ƙetaren hanya. Maƙwabci ne ke tuge gonarsa. An riga an naɗe waya, an cire turaku, injin yana bin layi yana ɗago kututture da saiwarsa, ana tarawa tsibi-tsibi don ƙonewa. Inabin da ya haura shekara talatin a ƙasa, cikin yini biyu ya zama fili.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A shekarun 1960 Bafaranshe yana shan fiye da lita 100 na giyar inabi a shekara, yanzu bai wuce 40 ba, kuma ja ce ta fi faɗuwa, alhali kusan kashi 85 cikin 100 na gonakin Bordo jan inabi ne. Kasuwar Sin da ta riƙa kwasa ta ja baya bayan 2017. A nan da ganga mai lita 900 ake ciniki, kuma farashin ja na gama-gari ya sauka ƙasa da Yuro 1,000, kuɗin da bai biya wahalar nomansa ba. A Disambar 2022 manoma suka yi zanga-zanga a Bordo suna neman Yuro 10,000 kan kowace hekta da za a tuge. Abin da aka ba su a 2023 shi ne 6,000, da niyyar cire hekta 9,500. A 2024 aka ƙara wani shiri na ƙasa baki ɗaya a kan 4,000. Yankin da ya kai hekta 110,000 yanzu bai cika 100,000 ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne nauyin bai faɗa kan manyan gidajen giya na yankin Médoc masu suna a duniya ba. Kan ƙananan manoma irin na nan ya faɗa, yawancinsu dattawa, 'ya'yansu ba su karɓi gona ba, filin kuma ya rasa mai saye. Duk da haka gara tugewa da watsarwa. A bayan fegin namu akwai gonar da aka bari shekara uku ba aski ba feshi, ƙaya ta rufe waya. Can ne fumfunar ganye ke kwana, irin wadda ta yi wa Merlot mummunar ɓarna a 2023. Can ne kuma ɗan ƙwaron nan mai tsalle ke hayayyafa, wanda ke ɗaukar cutar flavescence dorée, wadda ba ta da magani sai a tuge gindin da ya kamu. Mai gonarmu da jan ƙarfe yake feshi, kuma dokar Turai ta tsaida masa kilo 28 a hekta cikin shekara bakwai. Kowane ƙarin feshi da gonar baya ta jawo masa daga wannan kason yake fita.

Waɗanda suka zauna suna canza hannu. Wasu sun koma farin inabi, wasu zaitun. Tun 2021 an yarda a gwada iri masu jure zafi irin su Marselan da Touriga Nacional na Fotugal, amma kada su wuce kashi 5 na gona, domin Merlot yana saurin nuna, sukari ya yi masa yawa in bazara ta yi zafi. Dasa sabuwar hekta kuɗi ne mai yawa, ga jiran shekara uku kafin girbin farko. Shi ya sa dattijon ke bin mu gindi-gindi yana duba dungu: wanda ya mutu ba shi da halin maye gurbinsa.

Da la'asar muka janye yankakkun rassa daga waya, muka jera a tsakiyar layi don injin niƙa, tsofaffin dungaye masu cuta kuwa aka kai waje don wuta. An ce gobe da ruwa, don haka babu aski. Lanƙwasa za mu yi: a kwantar da dogon reshe kan wayar ƙasa a ɗaure bakinsa. Shi wannan aikin laima yake so, domin busasshen reshe karyewa yake yi a gaɓa ta biyu.