Abin da girafin ya koya min a aikin batirin sodiyam

Tun da na fara bincike kan batirin sodiyam kowa maganar girafin yake, wai kabon ne mai kaurin atom ɗaya tak, Geim da Novoselov suka ɓare shi daga girafayit, irin baƙin da ke cikin fensir, a Manchesta a 2004 har suka ci Nobel a 2010. Dalilin da ya sa ake nemansa ma mai sauƙi ne, girafayit ɗin da ke cikin batirin wayarka yana karɓar litiyam har 372 mAh/g (ma'aunin cajin da giram ɗaya ke riƙewa) amma sodiyam sam baya yarda ya zauna a ciki, ɗan kaɗan yake shiga. Kuma ba girma ne kaɗai matsalar ba fa, potasiyam ya fi shi girma amma yana shiga abinsa.

To tunda girafayit shimfiɗun girafin ne jere a kan juna, sai mu buɗe tsakanin shimfiɗun, daga 0.335 nm (nanomita, kashi ɗaya cikin biliyan na mita) zuwa wajen 0.37 ko sama, a samu wuri. Yana aiki kam, lambar farko da za ka gani a kwamfuta sai ta faranta maka rai.

Babban darasin da na koya yana cajin farko. Girafin faɗin fuska gare shi ba kaɗan ba, a lissafi giram ɗaya ya kai murabba'in mita 2630, kuma duk inda ruwan batir ya taɓa sai ya ruɓe ya yi wata 'yar yana kamar ta saman madara, wannan yanar sodiyam take ci kuma baya dawowa. A ƙaramin batirin gwaji ba za ka ji zafin asarar ba tunda guntun ƙarfen sodiyam muke sawa a ɗaya gefen, yana ta cike giɓin, amma a batir na gaske iya abin da katod, wato ɗaya gefen batirin, ya zo da shi ke nan, in ya tafi ya tafi. Shi ya sa yanzu in na buɗe takardar bincike, kashi nawa na sodiyam ya dawo a zagayen farko nake fara dubawa, sannan nauyin girafin ɗin da suka shafa a gefen batirin.

Gaskiya ni a ganina girafin ya fi amfani in ya zama ɗan rakiya, a naɗe kuza ko fosforas da shi ya riƙe su lokacin da suke kumbura, ya kuma kai wuta. Kamfanoni dai kabon mai tauri suke sawa, wani ma da ɓawon kwakwa ake yinsa, yana bada kusan 300 mAh/g kuma da arha. CATL, masana'antar batir ta Sin, ta fito da nata batirin a 2021, kuma irin wannan arhar ce masu sola a gidajenmu suke jira.