Dambun ƙirjin talotalo ya yi a karo na uku

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya Asabar, wajen sha ɗaya na dare, na kwashe dambun talotalo daga wuta, na ɗebo kaɗan na murza a tafin hannu, sai ya watse zare-zare, ba danshi, ba ƙauri. Wallahi sai da na taso maigida ya zo ya ɗanɗana. Tun bara nake fama da wannan abu, shi ya sa na kasa haƙuri ban sanar da ku ba.

Waɗanda ke nan Amurka kun san yadda Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba take, ranar bikin godiya da ake kira Thanksgiving. Ba makaranta, yawancin mutane ba sa zuwa aiki, yara kuma sun dage sai an gasa talotalo kamar gidan kowa. Manyan kantuna suna karya farashin daskararre har ƙasa da dala 1 kowace laba don su jawo masu saye, amma mu sai yankan halal. Wanda na ɗauko a wajen mahaucinmu a nan Bronx, cikin birnin New York, laba 14 ne, wato kilo 6 da ɗoriya, dala 63. Na ji kuɗin nan a jikina. Tun a hanya na ƙudurta cewa ko ƙashi ba zan jefar ba sai na tatse shi.

Mu biyar ne a gida, da baƙi biyu. An cinye cinya ɗaya da rabin ɗaya, an ɗan taɓa ƙirji, shi ke nan. Kullum ƙirjin ne ke ragowa, kuma shi ne mafi yawan nama a jikin tsuntsun. Ana gama ci na zauna na zare naman daga ƙashi na rarraba a ƙananan robobi, domin ƙa'idar da ma'aikatar noma ta ƙasar nan take bayarwa ita ce kada dafaffen nama ya wuce awa 2 a waje, a firji kuma kwana 3 zuwa 4 ne iyakarsa. Ƙasusuwan da wuya na zuba su a babbar tukunya da albasa da citta da tafarnuwa da safiyar Juma'a, suka yi ta dahuwa a ƙaramar wuta har awa huɗu. Da romon ya huce a firji sai ya daskare yana rawa kamar na ganda. A lokacin ban san shi ne zai fitar da ni ba.

Bara na zuba ƙirjin a injin markaɗe, tunda ba ni da turmi, ko da ma ina da shi maƙwabtan ƙasa ba za su lamunci daka ba. Wuƙar injin ta yanke zaren naman gaba ɗaya, ya koma kamar dusa, da ya shiga mai kuma ya dunƙule. Bana ranar Juma'a da yamma na ce bari in yayyaga shi da hannu in soya kai tsaye, ai ya riga ya dahu. Na ɗauki kusan rabin laba na gwada. Bakin zaren ya ƙone, tsakiyar ta yi tauri kamar tsinken tsintsiya, in ka tauna sai ya soke ka a dasashi. Na tsaya ina kallon kaskon raina a ɓace, ga asarar nama ga asarar mai.

Da na kwanta na yi ta juya abin. Dambun da muka sani na sa ne ko na kaza, ana dafa shi daga ɗanye da kayan ƙamshi har ruwan ya tsotse, a daka shi da zafinsa yana da laushi. Shi kuwa ƙirjin talotalo dama ba shi da kitse, ga shi ya yi awa uku da wani abu a cikin zafin gashi, ya matse ruwan jikinsa, sannan ya kwana a firji ya ƙara ƙanƙamewa. Busasshen abu nake jefawa cikin mai. Sai an mayar masa da abin da ya rasa kafin a sake busar da shi.

To jiya sai na yayyanka shi manya-manya, na bi tsawon zaren ban gicciye shi ba, na haɗa da rabin cinyar da ta rage saboda ɗan maiƙonta. Na zuba romon ƙashin nan har ya kusa rufe shi, na sa jajjagen albasa da attaruhu, citta, kanumfari da masoro. Gishiri da magi ko ƙwaya ban sa ba, kuma ku riƙe wannan. Tsuntsun ya sha gishiri tun kafin gashi, romon ma ya ɗauka daga ƙashi da fata, in ya tsotse ɗanɗanon ninkuwa yake yi. Minti arba'in a ƙaramar wuta, rufe, sannan na buɗe na bar shi har ƙasan tukunyar ya fara bayyana. Nan take, kafin ya huce, na sa muciya na yi ta tuƙawa ina danna shi a jikin tukunya kamar ina tuƙin tuwo. Ina gani yana warwarewa da kansa, siri-siri, dogaye. Hannuna ya yi tsami amma ban tsaya ba sai da babu sauran curi.

Suyar kashi uku na raba ta, mai kaɗan, wuta ƙasa-ƙasa, ba na ɗaga hannu daga juyawa. Kunne na sa fiye da ido. Da farko man yana ta ƙara yana kumfa, wato da sauran ruwa. Da ƙarar ta lafa ta koma ɗan cir-cir, launin ya zama ruwan zuma, sai na kwashe a matsami. Kashin farko na ɗan bari ya wuce, ya fi sauran duhu, amma ya ciwu. Farin nama ne, ba ya jira kamar na sa, tsakanin ya yi da ya ƙone bai kai minti biyu ba. Na baza shi a faranti ya sha iska sosai kafin na barbaɗa yaji na ɗura, kwalba biyu cif. Ɗaya a firji, ɗaya a firiza, domin ban yarda in bar shi a waje ba tukuna sai na ga yadda zai yi.

Sauran abincin ba su ba ni wahala ba. Fuka-fukan sun shiga farfesu. Guntayen naman da na tsince a jikin ƙashi sun shiga dafa-dukar shinkafa ranar Juma'a da rana, a ƙarshe na zuba su don kada su narke. Man da ya tsane daga dambun na adana, gobe shi za mu zuba a shinkafa da wake. Inda na ɗan yi tuntuɓe shi ne miyar kuka ta yau. Ganyen ƙamshin Turawa da na shafa wa fatar kafin gashi ya bi romon, kuma sam ba ya shiri da daddawa. An ci da tuwon shinkafa, amma ni ina jin shi a kowace loma. Baɗi in Allah Ya kai mu, da citta da tafarnuwa da yajinmu kawai zan gasa, fatar kuma ba za ta shiga tukunyar romo ba.

Romon da ya rage roba uku ne a firiza. Wadda ta taɓa yin faten doya ko na dankali da irinsa, don Allah ta gaya mini ko ƙamshin ganyen nan yana ɓuya a cikin manja, kafin in narkar da ta farko.