Ya zo, ko ya zo ya tafi?

Wata na biyar kenan a Voronezh, kuma wallahi sanyin Rasha da ake ta tsorata mu da shi tun a gida bai ba ni wuya kamar fi'ilin yarensu ba. Sanyi dai ka sayi jaket mai kauri da takalmi an wuce wurin.

A podfak, wato shekarar koyon yare, malamarmu ta ce kusan kowane aiki kalma biyu gare shi, chitat da prochitat duk karatu ne, na farko kana cikin yi ko ka saba yi, na biyu ka kai ƙarshe. Na ce a raina to mene ne abin wahala, ai mu ma muna da "ina karantawa" da "na karanta". Ashe da sauran rina a kaba.

Wata Asabar na dawo daga kasuwa hannuna ya ƙage da leda, sai tsohuwar da ke tsaron ƙofar hostel ɗinmu (na so in riƙa ce mata baba aka ce kul, nan rashin kunya ne) ta ce min k tebe prikhodil drug. Na ji "aboki" na ji "zo", ai sai na kwasa a guje har hawa na biyar, lif ɗin ma ya lalace, na isa ina haki babu kowa. Da na sauko ta dube ni ta saman tabarau ta ce synok, ɗana kenan, prikhodil na ce ban ce prishol ba. Prishol ya zo yana nan. Prikhodil ya zo ya tafi abinsa. Mu kuwa duk "ya zo" ne, sai ka tambaya yana ina.

Washegari ta miƙo min wani tsohon detektiv, wato littafin labarin binciken laifi, na Aleksandra Marinina, matar da ta yi aikin ɗan sanda kafin ta koma rubutu, ta ce a irin waɗannan ake koyon abin. Gaskiyarta ne kuwa, don in mai bincike ya shiga ɗaki ya ce kto otkryval okno, wato wa ya buɗe taga, tagar a rufe take, wani ya buɗe ya mayar, tambayar ita ce waye. Da otkryl ya ce, to har yanzu a buɗe take iska na shigowa.

Shafi biyu nake ci a dare da ƙamus a waya. Kullum da safe sai ta tare ni, prochital, ka kai ƙarshe? In ce mata chitayu, ina kan karantawa.